Alhaji Umaru Salaga, ɗan fataken goro da ya bar mana tarihinmu a takarda

Da yake wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ce, ya dace mu waiwayi ɗaya daga cikin magabatan da suka taka wannan hanya tun ba a san mota ba, balle shingen kwastan. Wanda muka zaɓa bai yi suna da dukiya ba, bai kuma taɓa zama madugu ba. Malami ne, ɗan falke, wanda ya tashi cikin ayarin goro ya ƙare rayuwarsa yana liman a bakin kogin Volta. Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. A arewacin Najeriya an fi saninsa da Alhaji Umaru Salaga, a nan Gana kuwa wasu kan ce Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wasu su ce Imam Imoru. Da yawa daga cikin abin da duniya ta sani yau game da yadda kakanninmu suke fatauci tsakanin Kano da Gwanja, daga alƙalaminsa ya fito.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a takardunsa na Larabci akan danganta shi da Kabi da Kano da Salaga gaba ɗaya, wato inda kakanni suka fito, inda aka haife shi, da inda ya zauna. Duk ɗan zango ya san irin wannan suna mai garuruwa uku. Mahaifinsa falke ne mai zuwa Gwanja sayen goro. Umaru ya yi karatun allo a Kano, ya zarce neman ilmi a ƙasar Sakkwato da Gwandu, yana kuma bin mahaifinsa fatauci, karatu da tafiya suna cuɗe da juna.

Matasanmu da kan tashi daga Kumasi su sauka Kano cikin kwana biyu ko uku ya kamata su san wace irin hanya ce wannan a da. Ayari kan bar Kano da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta wajen Nikki da Jugu, ya faɗa Sansanin Mango, ya sauko Yandi, sannan Salaga. Tafiyar wata biyu zuwa uku ce a zuwa kawai, idan Allah ya kiyaye. Kayan da ake ɗauko wa daga ƙasar Hausa su ne riguna da zannuwa masu rini, fatu, kanwa da dabbobi, a komo da goro a kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan sana'a. Akwai madugu mai shugabancin ayari, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai kuma malamin ayari, wanda yake zaɓen ranar tashi, ya ja salla, ya riƙe alƙalami. Kada mu ɓoye abin da yake gaskiya ne: Salaga ta wancan zamani babbar kasuwar bayi ce kuma, ba goro kaɗai aka yi ciniki a cikinta ba.

Me ya sa ayari ke tsayawa a Salaga, bai ƙaraso Kumasi ba, alhali goron daga dajin Asante yake fitowa? Saboda sarakunan Asante ba su yarda fataken arewa su shigo har gindin itacen ba. Mutanensu ne ke kai goro kasuwar bakin iyaka, can ake haɗuwa. Sai a 1874, da sojan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, goro ya fara karkata zuwa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi. Umaru yana saurayi lokacin da wannan sauyi ya faru, ya kuma ga Salaga tana dusashewa da idonsa.

Abin da ya fi jan hankalin mai karanta tarihinsa shi ne littafin da ya fara rubutawa. Yana da shekara ashirin ko ƙasa da haka, a 1877, ya wallafa ɗan littafi da Larabci mai suna Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Ba fiƙihu ba ne, ba nahawu ba ne. Jagora ne na rubuta wasiƙa: yadda ake buɗe ta, irin gaisuwar da ta dace da matsayin wanda ake aika wa, da misalan da mai koyo zai kwaikwaya. Ita kanta kalmar wasiƙa da muke faɗa kullum daga Larabcin nan muka aro ta, inda take nufin takardar da ake dogara da ita.

Ba mamaki yaron da ya tashi cikin fatake ya fara da wannan. Cinikin nesa amana ce da bashi. Mutum yana Kano, dukiyarsa tana Salaga a hannun ɗan'uwansa ko yaronsa, tsakaninsu tafiyar wata uku. Falke ya rasu a hanya, dole a sanar da magada abin da ya bari da wanda yake bi da wanda ke binsa. Baƙo zai sauka gari, yana bukatar takardar da za ta gabatar da shi ga mai masauki. Madugu yana neman izinin wucewa daga sarkin da ƙasarsa ke kan hanya. Saƙon baki yana raguwa ko ya ƙaru a bakin manzo, takarda kuwa yadda aka naɗe ta haka za a warware ta. A yau da waya muke yin duk wannan, mu tura saƙon murya a WhatsApp, mu tura kuɗi, mu ɗauki hoton rasit. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shaidar cinikin shekara biyar kan tafi tare da ita.

Al'adar wasiƙa a wannan ƙasa ta girmi Umaru. Tun farkon ƙarni na 19 akwai malamai Musulmi a Kumasi masu rubuta wa fadar Asantehene takardu, Turawan da suka zo garin a 1817 da 1820 sun same su sun kuma ambace su. A babban ɗakin karatu na birnin Kofanhegan, ƙasar Danmak, akwai tarin takardun Larabci da suka haura ganye 900, waɗanda masana suka tafi a kan cewa daga sansanin Asante aka kwashe su bayan yaƙin Katamanso na 1826. Mafi yawansu laƙani ne da layu, amma a ciki akwai wasiƙun da Musulmin Kumasi suka yi musaya da 'yan'uwansu na arewa. Wato wasiƙun mutanen garin nan mafi tsufa suna can ƙasar sanyi, an adana su shekara kusan ɗari biyu.

Umaru ya zauna Salaga sosai wajen 1892, ya buɗe makaranta. A nan ya haɗu da wani Bajamushe matafiyi, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Malam Musa. Krause mai son harshen Hausa ne, ya riƙa tara rubuce-rubucen ajami, Umaru yana cikin waɗanda suka rubuta masa. Takardun sun ƙare a ɗakin karatu na birnin Balin. Sai dai zaman Salaga bai yi tsawo ba. A shekarar 1892 ɗin nan yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin ya watse, fatake da malamai suka bazu. Kafin a farfaɗo, sojan Jamus suka sa wa garin wuta a 1896. Umaru ya bi sahun masu ƙaura zuwa Kete-Krachi, inda kasuwa ta koma, ya kuma bar waƙoƙin Larabci da ya bayyana rikicin Salaga a ciki. Masu binciken tarihin Gwanja har yau suna komawa gare su, domin shaidar wanda ya ga abu ce.

Daga nan iyaka ta shigo rayuwarsa, irin iyakar da muka gada. A 1888 Ingila da Jamus sun yi yarjejeniya cewa yankin Salaga ba na kowa ba ne a cikinsu, a 1899 suka raba shi. Salaga ta faɗa hannun Ingila, Kete-Krachi ta zama cikin Togo ta Jamus. Hanyar da mahaifinsa ya bi ba tare da ya nuna wa kowa takarda ba, in ban da kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, ta tsinke gida-gida: Ingila a nan, Jamus a can, Faransa a Dahome. Da yaƙin duniya na farko ya zo a 1914, Jamus ta fita, Ingila ta karɓi Kete-Krachi. Garin da yake limanci ya sauya tuta ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba.

A Kete-Krachi ya zama limamin gari, a nan kuma ya yi aikin da ya fi kowane amfani gare mu. Jami'in Jamus da ke riƙe da yankin, Adam Mischlich, wanda da farko ɗan mishan ne na Basel, ya zauna gabansa koyon Hausa. Ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci da Mischlich ya fitar a Balin a 1906 ya ci moriyar ilmin Umaru ƙwarai. Mischlich ya riƙa roƙonsa ya rubuta abin da ya sani game da ƙasar Hausa, shi kuwa ya zauna ya cika takardu da ajami: tarihin Kabi da sauran ƙasashe, noma, saƙa, rini, ƙira, jima, aure da suna, sarauta, bauta, kasuwa da fatauci. Ba irin rubutun fada ba ne da ke lissafa sarakuna da yaƙe-yaƙe kaɗai. Rubutun mutum ne da ya san yadda ake ɗaura wa jaki kaya, ya san abin da ke lalata goro a hanya. A zamaninsa malamai sun saba yin waƙa da Hausa, amma zube mai tsawo irin wannan, a kan rayuwar talaka da sana'arsa, ba kasafai ake samunsa ba.

Akwai tambayar da mai gaskiya ba zai tsallake ba. Mutumin nan da ya zauna da jami'in mulkin mallaka yana koya masa harshe, shi ne kuma ya yi waƙoƙi masu zafi a kan zuwan Turawa, biyu da Larabci wajen 1899 da 1900, ɗaya da Hausa, wadda aka sani da Waƙar Nasara, a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. A cikinsu ya bi garuruwa da sarakuna ɗaya bayan ɗaya yana nuna yadda aka ci su, ya kuma nuna yadda baƙin suka shigo da lallami kafin su fito da bindiga. Wasu na ganin wannan fuska biyu ce. Ni ban gan shi haka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jami'in iyaka da mota cike da kayan mutane ya san cewa mu'amala da mai iko daban, yarda da ikonsa daban. Umaru liman ne da jama'a a bayansa, baƙi ne a ƙasar da ba tasu ba, ba su da soja. Ya zauna lafiya da wanda ke riƙe da gari, ya kuma rubuta abin da ya gani ba tare da ya shafa masa zuma ba. Da ya ƙi Mischlich, da ba mu da bayanin nan na ƙasar Hausa. Da ya yi shiru a waƙa, da ba mu san yadda abin ya yi wa mutanen lokacin ciwo ba.

Ya tafi aikin hajji wajen 1913, ya komo wajen 1918, ya tarar da annobar murar da ta game duniya a shekarar, ita ma ya yi mata waƙa. Ya yi waƙa a kan talauci da wadata, inda ya zana yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi su girmama mai shi, abin da kowane ɗan kasuwa da ya taɓa karyewa zai gane. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa. Almajirai suka riƙa zuwa masa daga ko'ina cikin ƙasar nan, suka koma suka zama limamai da malamai a zanguna.

Ta nan ne labarinsa ya iso ƙofarmu. Zangon Kumasi kamar yadda muka san shi ya bunƙasa ne bayan 1900, da Turawa suka buɗe garin ga fataken arewa. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, wani ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku da dogo, tsohuwar hanyar jakuna ta fara mutuwa. Mutane irin su Alhassan Ɗantata suka gane haka da wuri suka ci riba. Malam Sallau, Bakatsine, wanda ya zama Sarkin Zangon Kumasi a 1919, ana lissafa shi cikin waɗanda suka yi karatu wajen Alhaji Umaru, kuma malamin ya yi masa waƙar yabo da Larabci wadda kwafinta ya tsira. Takarda ɗaya ke nan da ta haɗa Kano da Katsina da Kete-Krachi da Kumasi.

Alhaji Umaru ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Abin da ya faru da takardunsa bayan haka labari ne mai zaman kansa. Waɗanda ya rubuta wa Jamusawa sun tafi Turai, suka tsallake yaƙin duniya na biyu, suka bi hannun masana ɗaya bayan ɗaya. A 1973 Douglas Ferguson ya juya bayaninsa na ƙasar Hausa zuwa Turanci a kundin digirinsa a Los Anjalas ta Amurka. A 2000 Stanislaw Pilaszewicz, malamin Hausa a jami'ar Warso ta Foland, ya buga wani kaso na zubensa na ajami. Waɗanda suka rage a gida kuwa almajirai ne suka tsare su, ta hanyar da aka gada: kowa ya kwafi nasa da hannu, ya rubuta sunansa a ƙarshe, ya sa cikin gafaka.

A farkon shekarun 1960, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta shiga tattara irin waɗannan takardu. Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suna cikin jagororin aikin, amma wanda ya taka ƙasa, ya shiga zaure-zaure yana shawo kan malamai, shi ne Alhaji Usman Boyo. Dabararsu mai sauƙi ce, kuma ita ta sa aka amince da su: a ari takarda, a ɗauki hotonta, a mayar wa mai ita. Da haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce na Larabci da ajami, ayyukan Alhaji Umaru suna da kaso mai tsoka a ciki. Aikin ya zo a kan gaɓa, domin a daidai lokacin ake gina madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965. Tafkin Volta ya tashi mutum wajen 80,000 daga gidajensu, tsohon garin Kete, inda ya yi limanci ya karantar, ruwa ya cinye mafi yawansa.

Mu a zango mun san darajar takarda ta hanya mai ɗaci. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, suka rasa abin da za su nuna, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau mota. A 1983 Najeriya ta yi irin nata ga 'yan Gana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta sauƙaƙa zirga-zirga, amma har gobe rigimar fili da ta gado da ta shaidar zama ɗan ƙasa a kan takarda suke ƙarewa. A gidaje da yawa na Aboabo da Sabon Zango da Yalwa akwai tsofaffin akwatunan ƙarfe da ba a buɗe ba tun rasuwar mai gida: wasiƙun ajami daga Kano ko Sakkwato, littafin bashi, takardar sayen fili, tsohon fasfo na hajji, hotunan da aka ɗauka a situdiyo da babbar riga da rawani. Gara da damina ba sa jira. Jikoki da yawa ba sa karanta ajami, sai su ɗauka laya ce su ji tsoron taɓawa, ko su ɗauka shara ce.

Hotuna sun fi saurin zama marayu. A rumbunan Turai, irin na mishan ɗin Basel, akwai tsofaffin hotunan ƙasar nan masu yawa, amma sau da dama abin da aka rubuta ƙarƙashin hoton ɗan arewa bai wuce ƙabilarsa ko sana'arsa ba. Fuska tana nan, suna ya tafi. Hotunan gidajenmu ma haka za su zama ranar da tsohuwar da ta san kowa a ciki ta kwanta dama. Wanda ke da irinsu ya zauna da ita tun tana da ƙarfi, ya rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto da fensir, ya ɗauki hoton kowace takarda da waya, ya ba 'yan'uwa biyu ko uku kwafi, ɗaya a wannan gefen iyaka ɗaya a wancan. Takardun ajami a kai wa malamin da zai karanta kafin a yanke hukunci a kansu. Wanda kuma yake neman sawun kakansa a shari'ar fili ko ta bashi, akwai ma'ajiyar takardu a nan Manhyia da ke riƙe da bayanan kotunan Asantehene, akwai kuma ofishin adana takardun gwamnati na Kumasi.

Mai son ganin ayyukan Alhaji Umaru zai same su a Legon, akwai kuma kwafin tarin a jami'ar Northwestern ta Amurka. John Hunwick ya jera sunayensu da wuraren da kowane yake a kundinsa na rubuce-rubucen Larabci na Afirka ta Yamma da ya fito a 2003. Da yawa daga cikin kwafin ba da hannun malamin aka rubuta su ba, da hannun almajiransa ne da almajiran almajiransa, a zanguna daban-daban na ƙasar nan. Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da mahaifansa da su baki ɗaya, ya sa Aljanna ce makomarsu.